Durƙuson da Na Yi a Filin Tsere

Ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Ko a asibiti sai dai in miƙa kati in yi shiru. Ranar da aka yaye ta, uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta goya ta ta wuce da ita ɗakinta, daga nan ta zama tata. Haka na tarar ana yi, haka aka yi mini a gidanmu, ban kuwa taɓa ganin aibun abin ba. In maganarta ta kama sai in ce yarinyar Inna. Ita kuma Yaya take ce mini, don haka ta ji ƙannena suna faɗi in sun zo. Tsakanin ƙofata da ta Inna turmi ne kawai da igiyar shanya, amma shekara goma sha biyar ban taɓa tsallakawa don in tambayi yarinyar nan abin da ke damunta ba. Ido da kunne dai ba a hana su aikinsu. Na san takunta, na san tarinta a cikin na yara goma.

A bakin maƙwabta na fara jin wai tana da gudu. Makarantarsu ta 'yan mata tana bayan gari, ta hanyar Kiru. An ce tun daga bakin kasuwa take gyara jaka a baya ta sheƙa, ba ta tsayawa sai ƙofar makaranta. Farkon zangon karatu, ruwa ya fara ja da baya, malamarsu ta wasanni ta zo har gida da takarda. An zaɓi yarinyar cikin waɗanda za su je Kano gasar makarantu bayan hutu. Ana son uba ya sa hannu, a mayar da takardar kafin a rufe makaranta, in ba haka ba a ba wata gurbin. Inna ta ji daɗi a ranar, har ta ƙulla wa malamar gyaɗa a leda. Maigidana ya ninke takardar ya jefa a aljihu, ya ce sai ya nutsu ya karanta.

Kafin ya nutsu abin ya lalace.

Inna tana da yaya, tsoho ƙwarai, Baba muke ce masa. Idonsa ya yi rauni amma kunnensa garau. Kullum daga sallar asuba har hantsi yana kan buzu a ƙofar gidansa, duk mai wucewa sai ya rage tsawo. Wata safiya yarinyar ta makara, ta biyo ta gabansa a guje, ta ce ina kwana Baba, kafin ya buɗe baki ta sha kwana. Tsohon da ya shekara bai tako gidanmu ba, ranar sai ga shi da sanda, yana laluben bangon zaure. Ina tankaɗe a ƙofar ɗakina na ji komai.

"Iska ce ta gaishe ni yau," ya ce wa Inna. "Na ce bari in zo in ji ko a gidanki aka haife ta."

Da yarinyar ta dawo, Inna ba ta ɗaga murya ba. Ba ta cika ɗagawa ba dama.

"A gidan nan ba a jefa wa babba gaisuwa kamar ana watsa wa kaji tsaba. Ƙafar da ta saba da gudu, gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. An gama gudu."

Yarinyar ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta je ta ba Baba haƙuri, malamar ma ta sake zuwa. Inna ta ce ta yafe, amma magana tana nan inda ta ajiye ta. Takarda ta zauna a aljihun maigidana ba sa hannu. Da na kai masa abinci da yamma na ɗan jima a tsaye.

"Ke ma kin san ba ni da ta cewa," ya ce. "Yarinyar Inna ce."

"Ni ai ban ce komai ba, Malam."

"Tsayuwarki ta ce."

Gaskiyarsa ne, kuma iyakar abin da zan iya ke nan. Da na buɗe baki na roƙar wa 'yar fari alfarma, kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa na zubar da kunya, Inna kuma ta ƙara taurin kai, don za ta ga kamar ina ce mata ba ta iya riƙo ba. Ina ganin kwanon yarinyar yana dawowa da rabin tuwo. Sai na riƙa ƙara man shanu a miyar da za a kai ɗakin Inna. Kwanon ya ci gaba da dawowa.

Ranar da malamar ta zo karo na uku ba ta samu komai ba, ni na raka ta zaure. Budurwa ce siririya, 'yar wajen Tudun Wada, ranta a ɓace.

"Laifinku ne iyaye mata," ta ce, tana sa takalmi. "Kowace shekara ranar wasanninmu muna sa tseren iyaye mata, sai mu malamai mu cike fili. Ba uwar da ta taɓa fitowa daga cikin gari. Ta yaya kaka za ta yarda da abin da ba ta taɓa ganin mutumin kirki yana yi ba?"

"Zagaye nawa ne?" na ce.

Ta ɗago ta dube ni tun daga ɗankwali har silifas. Haihuwa shida, jikina ya zauna. Ta so ta yi dariya, tarbiyya ta hana ta.

"Ɗaya ne, Umma. Amma filin da girma."

"Yaushe?"

"Ana gobe hutu."

Ni da na yi sakandare shekara shida ban taɓa zagaya fili ba. Duk ranar wasanni ciwon ciki ke kama ni, in kwanta a aji har a tashi. Amma a zauren nan na ga hanya. An ɗaure mini baki, ba a ɗaure mini ƙafa ba. Inna ta ce mai gudu ba ta durƙuso. Ni kuwa shekara goma sha bakwai safe da yamma gwiwata tana ƙasa a ƙofarta. To bari ta ga mai gudu a cikin gidanta, ta kuma ga ko durƙuson zai ragu.

Ba na fita sai da izini, don haka washegari na nema. Maigidana yana cin ɗumame, ya yi dariya har ya ƙware.

"In ƙafarki za ta ɗauke ki, Allah ya ba da sa'a."

Na ce amin, na riƙe maganar da kyau.

Kwana huɗu a mako nake zuwa Islamiyyar matan aure da hantsi, a ɗaya gefen gari. Akwai 'yar hanya ta cikin gonaki da ke yanke tafiya, lokacin kuwa dawa ta fi mutum tsayi, ta rufe hagu da dama. Nan na fara. Na waiga gaba da baya, na yi bisimilla, na tattare hijabi na zura. Ban kai gindin ɗorawar farko ba zane ya harɗe ni, silifas ɗaya ya tsinke, wani abu ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari kamar an caka tsinke. Na dafa karan dawa ina haki, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Akwai kuma abin da haihuwa ke bar wa mace wanda ba a faɗa a taro, sai da na sake alwala kafin in taɓa littafi a ranar. Na isa makaranta da silifas a hannu, na ce ƙaya na taka.

A hankali na koyi abin da ba wanda zai koya mini. Na samo tsohon wandon maigidana na sa a ƙarƙashin zane, zanen kuma na ɗaura shi sakwa-sakwa. Hijabi yana cika da iska yana ja na baya, sai na ɗaure shi da tsumma a ƙugu ta ciki. Ranar kasuwa na sayi kambas a wajen 'yan gwanjo, mai kayan ya tambaye ni shekarun yaron, na ce babba ne, ƙafarmu ɗaya. Ina ɓoye shi a jakar littattafai, sai na shiga dawa in sa. Malamar wasanni ta aiko mini da magana ɗaya ta bakin ƙanwar yarinyar: kada in yi gudun wanda aka biyo, in yi gudun da zan iya magana a cikinsa. Ni da wa zan yi magana a cikin dawa? Sai na mayar da shi istigfari. In na iya furta astagfirullah cikakke ba tare da ya yanke ba, gudun ya yi daidai. In ya fara gutsurewa sai in sassauta. Ban taɓa neman gafara da yawa irin na watannin nan ba.

Mako na farko ɗorawa ce iyakata. Na uku na kai tsohuwar rijiya. Cinyoyina suka yi tsami, in zan durƙusa gaida Inna sai na cije leɓe, amma ban fasa ko sau ɗaya ba, ban kuma bari ta ga alama ba. Wata rana na wuce rijiya na kai kukar da ke bakin gari ban tsaya ba. Na jingina da ita, na ji wani daɗi da ban san sunansa ba, har na ji kunyar kaina.

Abin da ban lissafa ba shi ne dawa ba ta dawwama a tsaye. Aka shiga girbi. Cikin kwana kaɗan labulena ya kwanta, fili ya buɗe tun daga bayan gidaje har bakin rafi. Ranar na tsaya a bakin hanya na daɗe. Na ce in koma, sai na tuna kwanon nan. Na sa kambas na kama gudu.

Ban yi nisa ba na ci karo da Bafulatanar da ke kawo mana nono, ƙwarya a ka, tana tahowa daga ruga. Tana ganina a guje ba ta tambayi komai ba, ta juya ta bi bayana, nan da nan ta kamo ni.

"Ɗume? Uwar gida, mene ne?"

Numfashin amsa babu. Shirun nawa ya ƙara tsorata ta, ta wuce ni kamar barewa, hannu ɗaya a kan faifai, tana salati da ƙarfi. Masu ɗaure dawa suka ji, suka taso da lauje da sanduna. Wata mata da ke tsintar wake a gona ta suri ɗanta ta bi mu. Kafin in kai rijiya mun zama ayari. A garinmu babbar mace ba ta gudu sai da dalili uku: wuta, maciji ko mutuwa. Dole na tsaya.

"Kare ne? Ina yake?" in ji wani dattijo, sanda a sama.

"Ba kare, Baba. Ku yi haƙuri."

"To me ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Gudu nake yi."

"Gudun me?"

"Gudu dai."

Suka dubi juna, suka dubi takalmina. Bafulatanar ta dawo tana haki, ta sauke ƙwarya ta buɗe faifai, ko ɗigo bai zuba ba.

"Babba da ke," ta ce. "Da na faɗi na karye, me zan ce wa mutanen ruga? In ce na bi matar Hausawa gudun ba komai?"

Labari ya riga ni isa gida. Na ajiye jaka, na tuɓe silifas a ƙofar Inna, na durƙusa kamar kullum.

"Sannu da gida, Inna."

"An ce kare ya biyo ki."

"A'a, Inna."

"To me ya biyo ki?"

"Ba komai."

"Wanda yake gudu ba abin da ya biyo shi, sunansa ɗaya ne a Hausa."

"Haka ne, Inna."

Ta san dalili, na san ta sani, amma ba wadda ta ambaci yarinyar, alhali tana cikin ɗakin a bayan labule. Sai ta ce miyar jiya ta yi gishiri, na ce za a gyara.

Maigidana ne ya shigo da zafi. A masallaci aka tare shi, wani ya tambaye shi ko a fara neman mai ruƙiyya.

"Wannan abin ya tsaya haka."

"Kai ka ba ni izini, Malam."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar Laraba da safe, kana cin ɗumame. Har addu'a ka yi mini, na ce amin."

"Wasa nake yi."

"Ni ban taɓa ɗaukar maganarka wasa ba. In janyewa za ka yi, faɗa mini a fili ka janye, in zauna. Ba zan saɓa maka ba."

Ya cire hula ya sosa kai. Mutum ne mai taushin zuciya, shi ma yana ganin kwanon nan, ko da bai faɗa ba. Bai ce ya janye ba, bai ce bai janye ba, ya ɗauki buta ya fita. Na ɗauki hakan a yadda ya yi mini.

A Islamiyya na sha ba'a. In na shigo sai wata ta ce a ba da hanya, jirgin ƙasa ya iso. Aminiyata ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron bakin duniya, ina da 'ya'ya mata da za a zo nema. Malamarmu ce ta kashe maganar, ta ce in mace ta suturta jikinta ba laifi, ta tuna mana Uwar Muminai ma ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na ji sanyi, amma na san wannan ba zai motsa Inna ba. Ita ba ta taɓa cewa haramun ne ba. Cewa ta yi rashin tarbiyya ne, wannan kuwa kotunsa daban.

Tunda asiri ya tonu na daina ɓoye kambas. A ƙofar ɗakina nake ajiye shi, kowa ya gani. Wata safiya na fito na tarar an wanke shi fes, an zare igiyoyin an sake zura su wata irin zurawa da ban iya ba, wadda ba ta matse bayan ƙafa. Ban tambaya ba, mai gudu ɗaya ce a gidan ban da ni. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na ɗan jima kafin in iya fitowa ɗora koko.

Ranar wasanni ta kama Alhamis. Da safe na je gaida Inna na tarar ta yi wanka, ta ɗauko mayafinta na zuwa biki.

"Unguwa za a je, Inna?"

"Zan je in ga ƙarshen abin da idona. Ba na son a ba ni labari."

Aka tsayar mata da mai acaɓa. Ni na taka.

An zana fili da toka, layi-layi. Rumfar manyan baƙi tana gefe ɗaya, nan ake tashi, nan ake ƙarewa. Can ɗaya gefen, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, matan gari ne a kan tabarmi, sun fi na kowace shekara yawa in ji malamar, kuma na san abin da ya kawo su. Yarinyar Inna ba ta cikin masu gudu. An ba ta riƙon igiyar ƙarshe, ita da wata. Na ga inda take na kawar da kai.

Sai bayan azahar aka kira tseren iyaye mata. Mu bakwai ne: malamai huɗu, wata ma'aikaciyar asibiti, matar wani ɗan sanda da aka kawo garin aiki, sai ni. Mai lasifika ya ce yau ga uwa ta gaske daga cikin gari, a tafa mata. Aka tafa, aka yi dariya, ban san wanne ya fi yawa ba. Malamar wasanni ta bi mu ɗaya bayan ɗaya.

"In aka busa usur ba tsayawa sai igiya. Ko ɗankwali ya faɗi a bar shi."

Aka busa. Duk suka fita kamar an kwance awaki daga turke, suka bar ni a baya. Na ji ihun 'yan makaranta, na ji zuciyata tana cewa bi su. Na ƙi. Astagfirullah, taku huɗu. Astagfirullah, taku huɗu. Kafin kwanar farko ta ƙare malama ɗaya ta dafe ciki ta koma tafiya. Na wuce ta. Na wuce ta biyu da takalminta ya fita. Na wuce wasu biyun a tare, suna haki kamar zuga-zugi. Da muka miƙe wajen darbejiya ni ce ta uku, ma'aikaciyar asibitin tana gabana kaɗan, ina jin numfashinta ya fara yankewa, nawa kuwa yana nan cikakke. A ran nan na fara sanin ina son in ci. Ban san akwai wannan a cikina ba.

Sai na ga kujera. Saboda girman shekarunta shugabar makaranta ta sa an kawo wa Inna kujera ita kaɗai, an dasa ta a gaban tabarmi, dab da layin toka. Ƙafafunta na fara gani, da sandarta a kan cinya. Matar ɗan sanda ta wuce ta fuu, ma'aikaciyar asibiti ta wuce. Inna ba ta dube su ba. Ni take kallo, ba fushi a fuskarta, jira kawai take. Nan na gane abin da ta yi wanka ta zo gani. In na wuce ta a tsaye, ko da na jefa mata gaisuwa, maganarta ta tabbata a gaban matan gari duka, takardar nan kuma ta mutu a aljihu.

Ba zan ce jikina ne ya tsaya da kansa ba. Ni na tsayar da shi. Na fita daga layi, na tuɓe kambas ta dunduniya, don ban taɓa gaishe ta da takalmi a ƙafa ba, na kai gwiwa ƙasa.

"Ina wuni, Inna."

Fili ya yi wani irin shiru, sai muryar malamar wasanni daga nesa tana kiran Umma, Umma. Inna ta gyara zama. Ƙarami ba ya tashi sai babba ya sallame shi, ta sani, na sani.

"Lafiya lau. Kin wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya maigidan naki?"

"Yana lafiya."

"Ya yara?"

"Suna lafiya."

Malamai biyu suka wuce ta bayana, ina jin ƙasa tana motsi.

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"Akuyar nan mai tari, ta samu sauƙi?"

Akuyar da ita da kanta ta ba kanwa da safe. Wata a kan tabarma ta ƙyalƙyale, aka zungure ta.

"Da sauƙi, Inna."

"Madalla. Ya rana?"

"Lokacinta ne."

Can na ji ihu ya tashi, an kai igiya. Mai takalmi ɗaya ta wuce tana ɗingishi, mai dafe da ciki ma ta wuce a tafe. Ba saura kowa a bayana. Tambayoyin Inna sun ƙare, tana jira ta ga na zabura. Numfashina ya dawo. Na gyara durƙuso na zauna a kan dunduniya sosai, kamar wadda ta zo wuni.

"Ya ƙafar taki, Inna? Mai acaɓan bai jijjiga ki ba?"

Ta ɗan ja baya. "Da sauƙi."

"An kawo miki ruwa kuwa?"

"An kawo."

"Ya muka ji da jikin Baba? Jiya an ce ya kwana da mura."

"Ya samu sauƙi." Ta waiga hagu da dama. Duk idon filin yana kanmu, har manyan baƙi sun miƙe a rumfa suna leƙe. Inna ba ta son taro ya zuba mata ido, ko a biki bayan ɗaki take zama. Ta rage murya. "Ke, tashi ki je."

"Ban gama ba, Inna."

"Me ya rage?"

"Ba ki sa mini albarka ba."

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ban taɓa yi mata tsaurin ido irin wannan ba, kuma da kai a sunkuye na yi shi.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce ta cikin haƙora. "Tashi mana, kin tara mini jama'a."

Na ce amin. Na suri kambas a hannu, don ba lokacin ɗaure igiya, na koma kan layi ba takalmi. Rabin fili ni kaɗai. Tsidau ya soke ni sau biyu ban tsaya ba. Ban san lokacin da matan darbejiya suka fara guɗa ba, na dai ji ta a bayana. Igiya ta riga ta faɗi tun da ta ɗaya ta wuce, an ma fara naɗe ta. Ina shan kwanar ƙarshe na ga yarinyar Inna ta fizge ta daga hannun mai naɗewa, ta tura abokiyarta can gefe, suka ja ta ta miƙe. Ban taɓa tafiya kai tsaye zuwa wajen yarinyar nan a gaban mutane ba. Ranar na je a guje. Igiya ta taɓa ƙirjina, na wuce ban dubi yarinyar ba, ta ce sannu Yaya a hankali, na ce yauwa ina kallon wani wuri.

Matar ɗan sanda ta samu bokitin roba. Ni aka ba ni sabulu ɗaya, wai na ƙoƙari.

Inna ta koma gida. Ta ci tuwonta ta yi sallarta. Washegari Juma'a, ranar da za a rufe makaranta, na tashi jikina kamar an daka. Na ja ƙafa zuwa ƙofarta, na dafa bango, gwiwa ta ƙi sauka.

"Ta ƙi ko?" in ji Inna daga kan tabarma.

"Za ta sauka, Inna."

Ta sauka, da ƙara. Muka gaisa gajere. Ta ɗauki magogi tana goga goro, ba ta dube ni ba.

"Ta ƙarshe kika zo."

"Na dai zo."

"Wannan da ta ci bokiti, ko kallona ba ta yi ba. Matar wa ce?"

"Baƙuwa ce, Inna."

"Ai na gani." Ta kaɗe goron a tafin hannu. "Kira mini mijinki, ya zo da takardar nan kafin yarinya ta makara. Kuma ba don ke ba ne."

"Na sani, Inna."

Ta ɗaga murya wajen labule. "Ke kuma ki biya ta wajen Baba. A tafe, ba a guje ba. Ki durƙusa har sai shi ya gaji ya ce ki tashi. In kin je Kanon, duk wanda ya girme ki ki gaishe shi tun kafin a busa abin nan."

Daga cikin ɗaki aka ce to, da wata murya da na yi wata biyu ban ji ba. Na yunƙura zan tashi, sai da na kama ƙofa.

"Ke kuma sai a ajiye takalmin haka nan," in ji Inna. "Buƙata ta biya."

"Baɗi ma ana yi, Inna."

Ta tsaya da goro a hannu, ta dube ni har na fara tunanin na wuce gona da iri. Sai ta watsa shi a baki.

"To baɗi ki gaishe ni tun a gida. Kuma ki ce wa shugabar nan ta ajiye kujerarta, a tabarma zan zauna, can baya."